Yadda za ka gane bugun zuciya tun da wuri

Bugun zuciya na faruwa ne idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini. Muddin ba a buɗe hanyar ba, tsokar mutuwa take yi kaɗan-kaɗan, don haka jinkiri shi ne babban haɗari.

1. Fara da ƙirji. Yawanci ba suka ba ce, nauyi ne ko matsi a tsakiya, kamar an ɗora maka dutse. Idan ya wuce minti 5, ko yana tafiya yana dawowa, kada ka jira ya lafa.

2. Bi inda ciwon ke yaɗuwa: hannu, musamman na hagu, kafaɗa, wuya, muƙamuƙi ko baya.

3. Duba jikin mutumin. Gumi mai sanyi a goshi alhali ba aiki yake yi ba, numfashi sama-sama, jiri, tashin zuciya. A nan ake yawan yin sakaci: mata, tsofaffi da masu ciwon suga kan kamu ba tare da wani ciwon ƙirji sosai ba, sai dai kasala mai tsanani ko zafin ciki da ake ɗauka gyambon ciki ne. Wannan ne ya fi damuna, domin mutum zai sha maganin ciki ya kwanta.

4. Riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya.

5. Kira motar asibiti nan take, kada mara lafiyar ya tuƙa kansa. A zaunar da shi, a sassauta masa tufafi. Idan asfirin ba ya ba shi matsala kuma ba ya zubar jini, ya tauna miligram 300 kafin taimako ya iso.