Idan Za a Faɗaɗa Gandun Daji Kusa da Ƙauyenku: Aikin da Za Ku Yi Kafin a Kafa Iyaka

A watan Disambar 2022, a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ƙasashen duniya suka amince cewa nan da shekarar 2030 kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku zai kasance ƙarƙashin kariya. Ya zuwa 2024 abin da aka kai a kan tudu da ruwayen cikin ƙasa kashi 17.6 ne. Wani ɓangare na ragowar zai fito ne daga dazuzzukan da mutane ke kiwo, da saran itace, da cire zuma, da kamun kifi a cikinsu a yau. Kare daji abu ne mai kyau, domin shi ke riƙe ruwan ƙoramu da rijiyoyin maƙwabtansa. Amma inda aka ja layi ba tare da mutanen wurin ba, su ne ke biyan kuɗin kariyar da abincin bakinsu. Ƙarfin al'umma kusan duka yana hannunta ne kafin a buga sabuwar iyaka a jaridar gwamnati. Bayan an buga, abin da ya rage roƙo ne da shari'a.

Ku fara da sanin irin gandun da ake shirin yi

Ba kowane gandu ke hana shiga ba. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta kasa wuraren kariya gida shida. Rukuni na ɗaya shi ne mafi tsauri, kusan ba a shiga sai don bincike. Na biyu shi ne babban gandun ƙasa, inda galibi ake hana noma da kiwo da farauta. Na biyar da na shida kuwa an tsara su ne don mutane su ci gaba da zama ko amfani da albarkatu bisa ƙa'ida. Ku nemi a rubuce: wane rukuni ne, wace doka za a yi amfani da ita, hekta nawa za a ƙara, wa zai riƙa gudanar da wurin, kuma kuɗin wa ne.

Tambayar ƙarshen nan ta fi sauran nauyi. Idan da kuɗin Bankin Duniya a ciki, ƙa'idarsa ta biyar kan muhalli da zamantakewa ta shafi har waɗanda ba a tashe su daga gidajensu ba, an dai toshe musu hanyar cin abinci a dajin. Ta wajabta a rubuta tsarin yadda mutanen za su shiga yanke shawara da yadda za a maido musu da abin dogaro, kuma diyyar dukiya ta kasance daidai da kuɗin maye gurbinta. Jami'in da ya ce muku ba ku da hakki tunda ba ku da takardar mallaka, bai faɗi abin da ƙa'idar ta ce ba: ta amince da hakkin gado da na al'ada, har wanda ba shi da ko ɗaya ta tanadar masa taimakon sake tsugunarwa.

Taswirar amfani: nan ne aikin yake

Masu tsara iyaka suna aiki ne da hoton tauraron ɗan'adam. A hoton, saura da aka bari ta huta shekara huɗu daji ce. Makiyayar da ake zuwa wata uku kawai da rani fili ne da babu kowa. Idan ba ku nuna amfanin da kuke yi ba, za a rubuta cewa ba a amfani da wurin, kuma da wannan rubutun za a yanke hukunci.

Ku kafa kwamiti na mutum tara zuwa goma sha biyar. Kada ya zama na masu gonaki zalla. A sa mata masu ɗebo itace da ruwa, da makiyaya, har da masu zuwa lokaci-lokaci, da masunta, da masu haɗa magani, da matasa biyu da suka iya waya. Maza da mata su zana tasu taswirar daban a kan babbar takarda, sannan a haɗa. Kusan ko da yaushe ta mata takan fito da wuraren da mazan suka manta.

Bayan zane sai tafiya da ƙafa. Wayar salula mai GPS, wato tsarin da ke nuna lambar wurin da mutum yake tsaye, ta isa: a fili takan yi kuskuren mita uku zuwa biyar, a ƙarƙashin manyan itatuwa kuskuren ya kan haura mita goma, don haka a tsaya minti ɗaya ko biyu kafin a ɗauki lamba. A kowane wuri a rubuta abu biyar: lambar wurin, sunansa a bakin mutane, me ake samu, su wa ke amfani da shi, da watannin da ake amfanin. A ɗauki hoto. Mashaya, burtali, fadama, maƙabarta, wurin ibada, tsohon kufai, itatuwan da aka rataya amya, hanyar da ke kai yara makaranta ko marar lafiya asibiti, duk su shiga. Gonaki da saura a zagaye su ta gefe domin a sami faɗinsu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi taswirar a lokaci ɗaya na shekara. A yi zagaye biyu aƙalla, damina da rani, a kuma tambayi tsofaffi inda ake gudu da dabbobi a shekarar fari. Wannan wurin, wanda sai bayan shekara biyar ko goma ake buƙatarsa, shi ake fara rasawa, kuma rashinsa ne ke kashe garke. Wuraren da al'umma ba ta son baƙo ya san takamaiman inda suke, a zana su a matsayin yanki mai faɗi ba tare da ɗigo ba. A yi kwafi uku, ɗaya a wajen ƙauyen.

Ku mayar da asara lissafi

"Za mu sha wahala" ba ya shiga takardar diyya. Lamba ke shiga. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kimanin kilo 6.25 a rana. Shanu ɗari da ke wata shida a makiyayar da za a rufe suna buƙatar kusan tan 112. Wannan adadin ku ajiye a gaban hukuma, ku tambaya daga ina zai fito. Itacen girki kuma a auna shi da sikeli a gidaje ashirin zuwa talatin, manya da ƙanana, tsawon kwana bakwai, a fitar da matsakaicin abin da gida ɗaya ke amfani da shi, a ruɓanya da yawan gidaje. A yi haka da zuma, da kifi, da ciyawar rufin ɗaki, da 'ya'yan itace. A rubuta sa'o'in da za su ƙaru idan mashaya ko hanya ta koma nesa.

Ku kula da ranar da hukuma za ta rufe ƙidayar mutane da dukiyoyin da faɗaɗawar za ta shafa. Duk wanda ba a ƙirga ba kafin wannan rana, ko gidan da aka gina bayanta, ba ya cikin masu hakki. Idan aka yi ƙidayar lokacin da makiyaya suka yi nisa ko matasa suka tafi neman kuɗi, an share su ke nan. Ku nemi a sanar da ranar tun da wuri, a manna jerin sunaye a bainar jama'a, a ba da wa'adin gyara.

Wani abu kuma game da tarukan tuntuɓa: takardar halarta daban, takardar amincewa daban. An sha ɗaukar sa hannun mahalarta a lissafa shi a matsayin yarda. Ku rubuta a saman takardar cewa ta halarta ce kawai, ku ɗauki hotonta, ku riƙe naku bayanin taron. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan hakkin 'yan asalin ƙasa ta tanadi cewa yarda sai an ba da ita ba tilas, tun kafin a fara aiki, bayan an yi cikakken bayani. Shugaban ƙauye shi kaɗai a ɗakin taro na birni ba al'umma ba ne.

Abin da za ku nema a teburin sulhu

Na farko layin kansa. Sauya iyaka da kilomita ɗaya domin a bar mashaya ko fadama a waje ya fi kowace diyya daraja, kuma ya fi arha ga gwamnati. Ku nemi iyakar ta bi abin da ido ke gani, kogi ko tudu ko hanya, a kafa turaku tare da wakilanku.

Na biyu, izinin shiga a rubuce: su wa, wane wata, ta wace ƙofa, nawa za a ɗiba. A gandun Chitwan na ƙasar Nepal an daɗe ana buɗe wa maƙwabta ƙofa na 'yan kwanaki a shekara su yanki ciyawar rufi. Alkawarin baki na shugaban gandu yana tafiya ranar da aka canza masa wurin aiki. Sai abin ya shiga dokar kafa gandun ko tsarin gudanarwarsa sannan ya zama naku.

Na uku, rabon kuɗin shiga. Dokar Uganda ta ware wa maƙwabta kashi 20 na kuɗin ƙofa. Ruwanda ta fara da kashi 5 na kuɗin yawon buɗe ido a 2005, ta mai da shi kashi 10 a 2017. Nepal na mayar da kashi 30 zuwa 50 ga yankunan da ke kewaye da gandu. Ku tambaya: kashi na me? Kashi 20 na kuɗin ƙofa ba kashi 20 na duk abin da gandun ke samu ba ne. Kuma gandun da ba shi da hanya mai kyau ko dabbar da baƙi ke ɗokin gani ba zai tara abin kirki ba, komai girman kason. A irin wannan hali ku nemi adadi tsayayye duk shekara daga kasafin kuɗi. Amurka na yin makamancin haka tun 1976, tana biyan ƙananan hukumomi madadin harajin da suka rasa saboda filayen tarayya. Kuɗin ya shiga asusu mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a taron jama'a. Ajin makaranta da aka gina da kuɗin rabo abu ne mai amfani, amma bai biya matar da giwa ta cinye gonarta ba. A ware wani kaso ga gidajen da ke bakin iyaka.

Akwai kuma hanyar da ba a cika faɗa muku ba: al'umma ta riƙe wurin da kanta. Namibiya ta yi doka a 1996 da ta ba al'ummomi damar rajistar yankunansu su kula da namun daji su ci moriyarsu, yanzu irin waɗannan yankuna sun haura 80. Yarjejeniyar Montreal ita ma ta amince a lissafa irin wuraren nan cikin kashi 30 ɗin.

Namun daji za su ƙaru, ku shirya

Idan kariya ta yi aiki, ɓarna a bakin iyaka takan ƙaru. Ku sa yarjejeniyar da za ku ƙulla da hukuma ta faɗi wa ake kai wa rahoto, cikin kwana nawa za a zo dubawa, cikin wata nawa za a biya. A ɗauki hoton sawu da gawar dabba ko gonar da aka tattake kafin a taɓa komai, domin rashin shaida kan kashe buƙatar diyya.

Ga giwa, shingen amya da aka gwada a Kenya yana aiki: ana rataya amya kowace mita goma a haɗa su da waya, giwa ta taɓa wayar, amyoyin su girgiza, ƙudan zuma su fito. Rauninsa fari ne, lokacin da ƙudan ke ƙaura su bar amya fanko, don haka a ajiye musu ruwa kusa. Shingen lantarki mai aiki da hasken rana yana mutuwa ne idan ciyawa ta taɓa waya ta zuƙe wutar, ko batir ya lalace ba a tanadi kuɗin sauya shi ba. Kada ku karɓi shinge sai an rubuta wanda zai share ƙarƙashinsa da wanda zai biya gyara. Ga zaki da kura, makwancin dabbobi mai shingen waya da ƙofa mai ƙarfi yana rage kisan dare ƙwarai.

Ku sa batun masu gadin daji a rubuce shi ma: adadin da za a ɗauka daga ƙauyuka, abin da za a yi da dabbar da ta ƙetara iyaka, tara nawa, da rasit. Wurin kai ƙorafi kada ya zama ofishin wanda ake ƙorafi a kansa.

Kotu tana nan, amma tafiyarta doguwa ce. An fitar da 'yan ƙabilar Batwa daga dazuzzukan Bwindi da Mgahinga na Uganda a 1991, sai a 2021 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke hukuncin da ya amince an zalunce su. Saboda haka ku sa a yarjejeniya cewa za a sake duba ta duk shekara uku zuwa biyar, ku ci gaba da rubuta ɓarna da kuɗin da aka biya a littafi ɗaya, mai kwanan wata da sa hannun shaidu biyu a kowane shafi.