Kurakuran da aka fi yi wajen koyar da tunanin shari'a ta intanet

Kuskuren da na fi gani nan Damagaram shi ne malami ya buɗe zauren WhatsApp, ya jibge wa ɗalibai takardun PDF, ya ce ya koyar. Ɗalibi zai haddace ayar doka, amma a ba shi rigima ta gaske sai ya yi tsuru-tsuru. Gara a tura musu ƙaramar matsala: ɗan kabu-kabu ya buge akuyar wata tsohuwa a bakin Kasuwar Dole, ya ce akuyar ce ta faɗo masa hanya. Kowa ya amsa da matakai uku: me doka ta ce, me ya faru, ina suka haɗu. Mataki na uku shi ne aikin, kuma shi suke tsallakewa. Ka ji ɗalibi ya ce "ya biya kawai", ka tambaye shi ina laifin, ina ɓarnar, me ya ɗaure wannan da wancan.

Sai kwaso dokar Faransa ido rufe. Wata ɗaliba ta taɓa turo mini amsa tsaf, tana kafa hujja da aya ta 1240 ta kundin dokar farar hula, wadda ta ce wanda ya jawo wa wani ɓarna da laifinsa ya biya. Na ce: "'Yata, wannan lambar ta Faransa ce, tun gyaran da suka yi a 2016. A kundinmu na Nijar tana nan a 1382." Ta ce: "Malam, haka na samu a intanet." Ba ta yi ƙarya ba, abin da ke fara fitowa ke nan. Maganinsa, kowa ya faɗi ƙasa da shekarar duk abin da ya ɗauko. Kasuwanci kuwa a nemi dokokin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, da hukuncin kotunta ta Abijan. Gado da gona, kada a manta alƙalanmu na duba al'ada, abin da shafukan Faransa ba su san da shi ba.

Tambayoyin canki-canka suna da daɗin gyara, amma ba sa nuna yadda ɗalibi ya kai ga amsa. A rage su.

Darasin bidiyo kai tsaye ma ɗaukar alhaki ne. Kuran ya ɗauke, rezo ya yanke, kuɗin wayar ɗalibi ya ƙare ana tsakiyar bayani. Ni saƙon murya nake sa su yi, minti biyu: ɗaya ya tsaya wa tsohuwar, ɗaya ya kare ɗan kabu-kabu, washegari su yi musanya. Wanda ya kwafo amsa daga ChatGPT, a musanyar nan asirinsa ke tonuwa.