Yadda Ake Zuwa Kallon Duwatsun Aman Wuta na Filato da Mota a Tsakiyar Damina

Mu Katsinawa mun saba da tuƙi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda hadari kan taso ya zubar, yashi ya shanye, a ci gaba da tafiya. Wanda ya ɗauki wannan sabon ya hau Filato da shi a watan Agusta, zai sha mamaki. Jos na bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, kuma ruwan da take samu a shekara ya ninka namu. Amma a lokacin ne duwatsun suka fi kyau, kore shar har ƙoli.

Da farko ka san abin da za ka kalla. Duwatsun Dutsin-Ma da na Riyom ba na aman wuta ba ne. Na aman wutan da za ka je kallo suna yankin Mangu, wajen Panyam da Kerang, ƙasar ƙabilar Mwaghavul. Siffarsu kamar an kife ƙwarya, wasu da rami a ka, duwatsun gindinsu baƙaƙe ne masu huji-huji kamar saƙar zuma. Sun daɗe da mutuwa, kada ka sa ran ganin hayaƙi. A Ampang ta Yamma akwai tafkin Pidong, wanda ke zaune a cikin bakin tsohon dutsen. Shi kaɗai ya isa dalilin tafiyar.

Na biyu, motar. Kai ta wurin bakanike ana saura kwana biyu, ya duba birki da fitilu, ya sauya robar waifa. Rana da ƙurar Katsina kan busar da ita, ba ka ganewa sai ruwa ya tsuge. Tayar da ta suɗe kuwa a cire ta, babu ciniki. Sa safaya da jak da igiyar ja a but, da rigar sanyi ta gaske ga kowa. Na ga masu zuwa da 'yar shadda suna karkarwa.

Na uku, ka raba tafiyar biyu. Tashi bayan sallar Asuba, ko daga Katsina ko daga Daura ta Kazaure, ka ratsa Kano, ka kwana a Jos. Kafin ka nufi Mangu washegari, tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, domin yankin ya yi fama da rikici a 2023. In suka ce a dakata, a dakata. Yawanci ruwan can da rana zuwa yamma yake sauka, saboda haka ka fita da sassafe.

Tuƙin kansa shi ne inda ake yin kuskure. Idan hazo ya rufe hanya, kunna ƙaramar fitila. Babbar dawo maka da haske take yi cikin ido. A gangara ka sa ƙaramar giya, injin ya riƙe motar, kada ka kwanta a kan birki har ya yi zafi. A fili mai iska riƙe sitiyari da hannu biyu, musamman in za ka wuce tirela, don da ka fita daga inuwarta iskar za ta bangaje ka. Ruwan da ke gudu bisa hanya, wanda ba ka ga ƙasansa ba, jira shi ya janye. Da ka sauka daga kwalta kuma, ƙasar wurin ba yashinmu ba ce, laka ce mai santsi kamar sabulu. Ajiye motar inda ƙasa ke da tauri, ka ƙarasa da ƙafa ko a babur.

A ƙauyen da ke gindin dutse, fara gaida mai unguwa ka nemi ɗan rakiya, ka kuma sallame shi da kyau. Akwai wuraren da mutanen ke girmamawa bisa al'adarsu. Ɗan rakiyar ne kuma zai bambance maka tafkin dutse da kududdufan da haƙar kuza ta bari, masu zurfi da gaɓa mai zaftarewa. Kada yaro ya matsa kusa da su. Ka ji tsawa kana bisa, sauko nan take.

A hanyar dawowa ka bar wuri a but. Dankalin Turawan da ake nomawa a wannan ƙasar yana nan jibge a bakin titi, kuma mutanen gida za su tambaya.