Darasi na Tara: Idan Lasifikar Laftof Ta Yi Shiru

Kwamfutar cinya, wadda muka fi sani da laftof, tana da lasifika a cikinta, galibi guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wata rana sai ka kunna karatu ko wa'azi, ga malam kana ganin bakinsa na motsi, amma ko tari ba ka ji. Mutane da yawa daga nan sai su ce lasifika ta ƙone, su naɗe caja, su tari adaidaita sahu zuwa wurin masu gyara a Beirut Road ko Farm Centre da ke Kano. Alhali sau tari lasifikar lafiyarta ƙalau. Ko dai an kulle mata baki, ko kuma sautin ya bi wata hanya. A wannan darasi za mu koyi binciken da mutum zai yi da kansa kafin ya kashe ko sisi. Bayanin na masu Windows 10 da Windows 11 ne, tunda su suka fi yawa a hannun jama'a.

Fara da abin da ido ke gani

Dubi ƙasan allon kwamfutarka ta hannun dama, kusa da agogo. Akwai ɗan hoton lasifika. In ka ga alamar giciye a gefensa, an kashe sautin ne. Danna shi, alamar ta tafi, sannan ka ja ɗan layin da ya fito zuwa dama. Lambobinsa daga 0 ne zuwa 100, kai shi kamar 60.

A layin sama na madannai ma akwai masu hoton lasifika: na kashewa, na ragewa, na ƙarawa. Yaro na wasa ko gefen hannunka ya isa ya taɓa na kashewar ba ka sani ba. A wasu kwamfutocin sai ka riƙe madannin Fn, wanda ke ƙasa ta hagu, kafin su amsa. Kada ka manta bidiyon kansa yana da nasa makunnin sauti, kamar a YouTube. Gwada wani bidiyo ko wani karatu daban, don wani fayil ɗin tun asali babu murya a cikinsa.

Ina sautin ya tafi?

A nan aka fi yin tuntuɓe. Kwamfuta ƙofa ɗaya take fitar da sauti a lokaci guda, kuma ita ke zaɓar ƙofar in ba ka zaɓa mata ba. In ka taɓa haɗa ta da iyafis maras waya ko ƙaramar sifika ta Bluetooth, duk sanda na'urar ke kunne a kusa tana iya kama ta da kanta. Sai a wayi gari karatunka yana tashi a cikin iyafis ɗin da ke aljihun rigar da ka rataye, kai kuma kana zaune kana zargin lasifika. Kashe Bluetooth ɗin ka sake gwadawa.

Haka wayar HDMI, wadda ake haɗa laftof da talabijin ko majigi da ita. Ba hoto kaɗai take ɗauka ba, har da sauti. In majigin ba shi da lasifika, ko an rage muryar talabijin, shiru za ka ji. Danna ɗan hoton lasifikar nan, ka taɓa 'yar kibiyar da ke kusa da layin sauti, jerin na'urori zai fito. Zaɓi wanda aka rubuta Speakers, a kwamfutoci da yawa za ka ga sunan Realtek a tare da shi.

Gwajin iyafis

Nemi iyafis mai waya da ka tabbatar yana aiki, ka soka shi a ɗan ramin da ke gefen laftof ɗin. Wannan gwaji shi ke raba gardama. In ka ji sauti a kunnenka amma da ka zare sai shiru, cikin kwamfutar lafiya, matsalar tana ga lasifikar ko ga ramin. In ko a iyafis ɗin ma shiru ne, a fi zargin manhaja.

A cikin ramin nan akwai wani ɗan ƙarfe da ke gaya wa kwamfuta an soka iyafis. Ƙurar hunturu irin ta Kano da auduga ta cikin jaka kan taru su danne shi, sai kwamfuta ta ɗauka har yanzu iyafis na ciki, ta hana lasifika magana. Soka ka zare kamar sau biyar a hankali. Haska fitilar waya ka leƙa, wani lokaci kan tsohon iyafis ne ya karye a ciki. Kada ka zura allura ko tsinken ƙarfe.

In manhaja ce

Sake tayar da kwamfutar da umarnin Restart. Kashewa da kunnawa ba daidai suke da shi ba, domin Windows kan ajiye wani ɓangare na aikinta don ta tashi da sauri, har da matsalar. Restart kuwa daga tushe yake farawa.

In hakan bai yi ba, saura direba. Direba wata 'yar manhaja ce da ke tsakanin Windows da kayan sauti, kuma takan rikice bayan an sabunta Windows ko an sake zuba ta. Danna madannin dama na linzami, wato mouse, a kan tambarin Windows da ke ƙasan allo, ka buɗe Device Manager. In ka ga alamar motsin rai a cikin kusurwa uku mai ruwan ɗorawa a kan sashen sauti, direba ne. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya tsaya a nan, ya kira wanda ya iya.

A wurin mai gyara

Lasifikar da ta lalace da gaske takan yi gargaɗi: tana ƙarar gwangwani, ko gefe ɗaya ya mutu ya bar ɗaya. Akwai maganaɗisu a cikinta, shi ya sa masu aiki kusa da 'yan walda kan tarar garin ƙarfe ya manne mata. Ruwa ko shayi da ya zube a kan madannai ma yana kashe ta. Wannan aikin mai gyara ne, kuma ka je da bayani a bakinka:

"Injiniya, barka da aiki. Iyafis yana yi, lasifika ce ba ta yi. Na duba Bluetooth, na yi Restart."

"To Alhaji, ka rage mana aiki. Bari mu buɗe mu ga ko wayarta ce ta zare."

In aka ce sai an yi fomatin, wato a goge kwamfutar a sake zuba Windows, tun ba a gwada iyafis ba, ka nemi dalili. Fomatin ba ya gyara lasifikar da ta yage, amma yana iya tafiya da hotunanka da takardunka. Kwafe su a filasha tukuna, a kuma yi cinikin aikin kafin a kwance noti ko ɗaya.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya juya baya, ɗayan ya hana kwamfutar sauti ta hanyar da ya ga dama cikin waɗanda muka karanta. Mai juya bayan ya gano abin da aka yi, yana faɗin kowane mataki da babbar murya, sannan ku yi musanya. A gida kowa ya rubuta jimla uku da zai faɗa wa mai gyara.