Script ɗinka ya ƙi fita waje? Ka bar zagin reso, ga inda kuke tafka kuskure

Wannan wata kaɗai yara uku sun same ni da magana iri guda, biyu daga cikinsu ɗaliban jami'ar André Salifou ne: Malam na rubuta PHP zai tura SMS ta API, wato ƙofar da masu sayar da SMS ke buɗe wa manhaja, a kan kwamfutata yana tafiya lafiya lau, da na ɗora kan sabar sai ya cije, reso ne ko? Ba reso ba ne. Mu nan Damagaram komi ya lalace sai mu ce reso ko kuran, shi ya sa ba ma bincike.

Babban kuskure shi ne ka shiga sabar daga nesa ta SSH a matsayin root, mai cikakken iko, ka buga curl, umarnin kiran adireshin waje, amsa ta dawo, ka ce ai hanya buɗe take. Kai ne hanyar ta buɗe wa, ba Apache ba, manhajar da ke gudanar da shafinka. In sabar ɗinka Rocky ce ko AlmaLinux ko tsohuwar CentOS, tsarin tsaronta mai suna SELinux na kunne tun asali, kuma ya hana httpd (wato Apache) da php-fpm (mai gudanar da PHP) buga waya waje sai an ba su izini. Ko ka gwada da sudo -u apache zai iya wucewa ya ruɗe ka, don SELinux ba sunan mai amfani yake dubawa ba, mahallin da aikin ke gudana ciki yake duba. Alamarsa ita ce Permission denied, kuma nan take yake faɗa, babu jira.

Ni wannan abu ya ci mini kwana uku da kuɗi. Wani Alhaji mai shagon kayan gini kusa da kasuwar Dole ya ba ni aikin tsarin da zai riƙa tura wa masu bashi saƙo, na zauna ina ta canja lambar sirrin API, na rubuta wa masu sayar da SMS ɗin wasiƙa mai zafi ina cewa sun toshe mu, na sake girka PHP har sau biyu, alhali amsar na kwance cikin /var/log/audit/audit.log, inda ake rubuta abin da SELinux ya hana, tun daren farko ban leƙa ba. Da na buga ausearch -m avc -ts recent sai ga denied da name_connect ɓaro-ɓaro. Maganin layi ɗaya ne:

setsebool -P httpd_can_network_connect 1

To amma ni don gaggawa ban sa -P ɗin ba. Ya yi aiki, na karɓi kuɗina na tafi. Sabar ɗin cikin ofishin shagon take, bayan sati kuran ya ɗauke da tsakar rana cikin zafin Afrilu, batir ya ƙare, ta mutu ta tashi, izinin ya koma yadda yake. Kwana tara ba saƙon da ya fita kuma ba wanda ya lura. Alhaji ya kira ni ya ce, "Yaro, aikin naka na sati guda ne?" Sai da na mayar masa da jaka hamsin don kunya. Wannan -P ita ke sa abin ya zauna bayan an sake kunnawa. Kuma masu buga setenforce 0, wanda ke sa SELinux ya daina hana komi, su ce sun gyara, don Allah ku bari, ka cire ƙofar gida gaba ɗaya don makulli ya yi tauri? In da ma'ajiyar bayanai (database) da ke wata sabar kawai za ka haɗa, httpd_can_network_connect_db ya ishe ka.

Na biyu da ke ba ni haushi, ba kwa karanta abin da curl ya ce. Ku sa curl_errno da curl_error mana, su nuna muku lambar kuskuren da bayaninsa! Lamba 6 sunan sabar da kake kira ne bai warware ba, duba DNS, mai juya suna ya zama adireshi. Lamba 7 haɗin ne ya ƙi. Lamba 28 ya jira har lokaci ya ƙare, galibi katangar tsaro ce ke haɗiye fakitin shiru. Lamba 60 takardar shaidar SSL ce, kuma a nan ne kuke sa CURLOPT_SSL_VERIFYPEER ya zama false, wato ku kashe binciken takardar, ku wuce abinku, a tsarin da ke taɓa kuɗin mutane. Ni agogon sabar nake fara dubawa, kwamfutar da ƙaramin batirinta ya mutu takan tashi da kwanan wata na shekarun baya, sai ta ƙi kowace takarda. Bayan nan in sabunta ca-certificates, jerin masu ba da takardun da sabar ta yarda da su.

Imel kuwa, masu ba da hayar sabar da yawa sun rufe tasha ta 25 saboda ƴan turo shara, koma 587 da suna da kalmar sirri. In file_get_contents ya ƙi buɗe adireshi duba allow_url_fopen. In cPanel kake kai kuma akwai katangar tsaro ta CSF, tashar da babu ita a jerinta na TCP_OUT ba ta fita, kuma in hayar haɗaka ce ba ka da ikon taɓawa, rubuta wa masu hayar kawai. Wani lokaci kuma IPv6 ce, sabon tsarin adireshi, ke aiki rabi da rabi, gwada curl -4 mai bi ta tsohon tsarin ka gani.

Ni yanzu kowane aiki, kafin in ce na gama, sai na ajiye ɗan fayil na gwaji na kira shi ta burauza ba ta SSH ba, in sake kunna sabar da hannuna a gaban mai ita, in sake kira, sannan in goge fayil ɗin in miƙa hannu a biya ni.