Yadda za ka ɗauki fitowar zubar jini a fim, daga bakin ma'aikaciyar jinya

Malam darakta, fara da lissafi. Jinin babban mutum kusan lita 5 ne, wato ledar fiya wata 10. In leda ɗaya ta zuba, jaruminka zai iya miƙewa ya yi tafiyarsa, don haka kada ka sumar da shi. In jinin ya kai lita 1, zuciya ta fara gudu, numfashi ya ƙaru, hankalinsa ya tashi. Tsakanin lita 1.5 zuwa 2 kuwa, awon jini ya faɗi, kansa ya ruɗe. Wanda ya kai nan ba ya zama ya raba gado dalla-dalla, ya yafe wa kowa da sunansa. Sambatu yake yi, yana roƙon ruwa.

Ka ce wa mai kwalliya ta rage jan fenti, ta koma kan fuska. A fatarmu, alamar tana leɓe, tafin hannu da cikin fatar ido: su yi fari fat. Sai zufa mai sanyi a goshi. Wannan ya fi rigar da aka jiƙa tsoratar da mu a sashen gaggawa, domin mai karayar cinya kan ɓoye fiye da lita 1 a cikin naman, ko ɗigo bai fito ba. Fashewar kai kuwa jini take zubarwa kamar me, amma ba kasafai zubar take kisa ba.

Launi ma da magana. Jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya tana feso shi ja wur, tare da bugun zuciya. Mai mayar da shi kuma tsiyaya take, jinin ya yi duhu. In fitowar ta washegari ce, tabon ya bushe ya koma ruwan ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne zare wuƙa daga ciki. Masu kallo suna kwaikwayo! Wuƙar ce ta toshe hanyar jinin, a bar ta sai ɗakin tiyata. Nuna abokin jarumi ya danne ciwon ta gefen wuƙar, ba a kanta ba, da tsumma mai tsabta da dukkan ƙarfinsa, bai ɗaga ya leƙa ba. In hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, ya ɗaure sama da ciwon tamau, ba a kan gaɓa ba, ya duba agogo ya riƙe lokacin. Ruwan da majinyacin yake roƙo, kada a ba shi, saboda wataƙila tiyata za a shiga da shi.