Masu koyon buɗe kwaɗo ba makulli, don Allah ku daina waɗannan kurakuran

Cikin satin nan kaɗai mutum uku suka turo min hoton ƙarfe ya karye musu cikin kwaɗo, kowa da tambayarsa iri ɗaya, wai Malam ya za a yi a ciro shi. Wallahi na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya. Shekara ta shida ke nan ina wannan wasa a nan Gusau, kuma wasa na ɗauke shi kamar yadda wani ke zama gindin dara bayan la'asar, to duk wautar da kuke yi yanzu ba wadda ban riga ku yi ba, wasu ma har da hasara.

Abu na farko, yawancinku kuna ta soke-soke ne cikin rami ba ku san abin da ke ciki ba. Ka je wajen 'yan gwangwan ka sayi mataccen kwaɗo, ka sa zarto ka tsaga shi ka gani da idonka. Za ka tarar da silinda wadda makulli ke juyawa, a samanta ramuka huɗu ko biyar ko shida, kowane rami da fil biyu ɗaya kan ɗaya, sai ɗan sifirin yana danne su. Makulli na gaskiya yana ɗaga kowane fil daidai iyakar da silinda ta rabu da jikin kwaɗo, shi ke nan sai ta juya. Ƙirar nan tsohuwa ce, tun 1861 Linus Yale ƙarami ya yi mata rajista a Amurka kuma har gobe ita ce cikin yawancin kwaɗunan da ke rataye a shagunanmu. Sirrin kuwa shi ne ba injin da ke huda ramukan nan a kan layi ɗaya cif, dole wani ya ɗan kauce, don haka in ka sa ɗan murɗi, wato ɗan ƙarfen da ake zurawa a bakin ramin makulli, ka ɗan murɗa silinda, fil ɗaya ne zai fara cijewa kafin sauran. Shi za ka nema da ƙugiya, wato siririn ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, ka ɗaga shi a hankali har ka ji ƙas, sannan wani ya cije, ka bi shi. Iyakar aikin ke nan.

To a nan ne ake yin babban kuskuren da ya fi ba ni haushi, wato murɗi da ƙarfi. Kai ba rodi kake lanƙwasawa ba, ba kuma ƙyauren garejin mota kake turawa ba! Zan ga mutum ya danne ɗan murɗin nan har farcen yatsansa ya yi fari, jijiyar hannu ta tashi, yana cije baki, sannan ya ce wai fil ɗin duk sun ƙi motsi. Ina za su motsa ka shaƙe su? In ka matsa da yawa duka fil ɗin ne ke cijewa lokaci guda, ba za ka taɓa gane wanne ne na farko ba, sai ka ƙara wa ƙugiya ƙarfi don ta ɗaga abin da kai da kanka ka danne, ita kuma siririyar aba ce, ko ta lanƙwashe ko ta ɓalle. Ni wata huɗu na yi cikin wannan duhun, ƙugiya bakwai na karya, har na fara cewa ko dai masu bidiyon nan na YouTube damfara suke yi. Ranar da abin ya buɗe min kuwa gajiya ce ta sa, hannuna ya mutu na ɗan saki ba da niyya ba, sai kawai na ji ƙas, ƙas, silinda ta juya. Na zauna ina kallon kwaɗon kamar ya zage ni.

Yadda nake auna nawa yanzu, kamar yadda uwa ke taɓa goshin jariri ta ji ko da zazzaɓi, haka yatsa zai kwanta kan ɗan murɗi. In ka ɗaga yatsa ka ga shatin ƙarfe a jiki to ka wuce gona da iri. Na san akwai gwanaye da ke cewa a fara da nauyi sannan a rage, su ma suna buɗewa ban ce ƙarya suke ba, amma ni ɗan koyo ban yarda masa da wannan ba don hannunsa bai san ragewa ba tukuna. Abin lura ɗaya, wasu kwaɗunan akwai sifirin da ke mayar da silinda baya, irin su sai ka ɗan ƙara kaɗan don ka rinjaye shi, kaɗan fa na ce.

Ƙanin wannan kuskure shi ne ɗaga fil ya wuce iyaka. Ka ji ƙas amma zuciya ta ce ƙara, sai na ƙasan ya haye sama ya toshe hanya, daga nan ko kwana za ka yi ba za ta juya ba. Ka ɗan sassauta murɗi har ka ji ya faɗo, in sauran sun zubo tare da shi ba komai, a sake lale.

Akwai ƙanana da ba sai na ja ba. Ka duba ɓangaren da makulli ke juyawa kafin ka fara, na ga wanda ya yi awa guda yana murɗa hagu. Kar ka ɓata kuɗi kan jakar kayan aiki mai ƙarfe ashirin, ƙugiya ɗaya gajera da ɗan murɗi biyu sun ishe ka shekara. Kwaɗon roba mai nuna ciki na kallo ne kwana biyu, bayan haka ka ajiye shi don ido yake koya wa aiki ba yatsa ba. Manjagara kuma, wato ƙarfen nan mai haƙora da ake ja gaba da baya, tana buɗe kwaɗo mai arha cikin sa'a, amma wanda ya saba da ita bai koyi komai ba.

Yanzu bari in zo kan wanda har yau in na tuna sai cikina ya juya. Na yi kamar wata takwas da farawa, na buɗe kwaɗuna biyar da ke ɗakina har na haddace su, kaina ya kumbura. Wani dare bayan isha'i muna zaune ƙofar shagon hatsin kawuna da abokai, ya rufe ya tafi gida, sai na ce musu wannan kwaɗon minti biyu ya yi min yawa. Suka ce ƙarya nake. Na zaro kaya daga aljihu, ɗaya ya haska min da waya, ga idanu a kaina ga son a sani, sai hannun nan ya koma tsohon halinsa na danna. Bakin ƙugiya ya ɓalle can ƙurya. Mun yi ta fama da allura da tsinke har wajen sha ɗaya, ko gezau.

Da asuba Kawu ya zo da makullinsa, makulli ya ƙi shiga, ga mota ta iso da buhunan gero daga ƙauye direba na jira, ga masu awo sun fara taruwa. Sai da aka nemo mai walda ya yanke kwaɗon, rana ta yi sama. Da na lallaɓo na durƙusa na faɗa masa gaskiya bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Kai ɗan nan, wa yas sa ka wanga aiki? Ɗiyan mutane na koyon sana'a kai kana koyon ta ɓarayi?" Na ce, "Kawu ka yi haƙuri, wallahi wasa ne." Ya ce, "To wasan ya ƙare, tashi ka ba ni wuri." Kuɗin sabon kwaɗo da na mai walda duk ni na biya, wannan bai dame ni ba. Abin da ya biyo baya ne ya fi ciwo, labari ya zaga unguwa cewa wane yana buɗe kwaɗo ba makulli, bayan sati uku aka fasa wani shagon caji a layinmu, wa kuke jin 'yan banga suka fara ƙwanƙwasa wa ƙofa? Allah ya taimake ni ranar ina Kaura Namoda wajen biki kuma mutane da yawa sun gan ni, ga shi ɓarayin ma ƙarfe suka sa suka ɓanɓare ƙyauren gaba ɗaya, su ina ruwansu da ƙugiya. Amma fa kusan shekara mahaifiyata ba ta daina jin maganganu a gidan suna ba.

Don haka ku ji ni da kyau ku masu rawar kai. Kwaɗon da ba naka ba kar ka taɓa, ko na gidanku ne. Kwaɗon da ke bakin aiki, yana tsare da ƙofa ko akwati ko babur, shi ma kar ka taɓa ko da kai ka saye shi da kuɗinka, don ranar da ya lalace kai ne za ka kwana waje. Kuma ka bar kayanka a ɗaki! A halin da Zamfara ke ciki, a tare ka da dare a shinge a laluba aljihu a ciro ƙugiyoyi, wa zai tsaya sauraron bayanin wai sha'awa ce? Ni yanzu ko maƙwabci ya yar da makulli ya zo roƙo, wajen masu yankan makulli nake tura shi, ya ji haushi ya huce.

Masu ƙera kayansu da kansu kuma, siririn ƙarfen da ke cikin robar waifar mota shi na fi so, bakanike zai ba ka tsohuwa kyauta. Amma in kana wasa shi a inji ka riƙa tsoma shi a ruwa, da ka ga ya yi shuɗi ya ƙone ya zama laushi, yar da shi. Ka bi shi da magagari sannan sanfefa har ya yi sulɓi, ƙugiya mai kaushi ƙarya take faɗa wa yatsa. Kar ka ɗura wa kwaɗo man gyaɗa ko baƙin mai, ƙurar hunturu na shiga ya zama kamar kunu, ni bakin fensir nake gogawa in busa garin ciki. In ka ga makullin kwaɗo kamar an raba ƙusa biyu an yi mata yanka a karkace, wannan faifai ne cikinsa ba fil ba, ƙugiyarka ba ta da aiki a wurin.

Sai masu gaggawa, minti goma abu bai buɗe ba an jefar. A 1851 a Landan wani Ba'amurke Alfred Hobbs ya buɗe wani kwaɗon kamfanin Bramah da ya shekara wajen sittin a tagar shago ana cika baki da shi, awa 51 ya kashe a kai cikin kwana 16, kuma shi sana'arsa ke nan. Kai da ka fara shekaranjiya fa? Musamman ranar da ka haɗu da fil mai ƙirar kalangu, siririn tsakiya, silinda za ta ɗan juya ka ɗauka an gama sai ta tsaya cak. Nemo fil ɗin da in ka tura shi ɗan murɗi ke turo yatsanka baya, ka bar shi ya turo, kar ka yi gardama da shi.

Gangar jikin kwaɗon Kawu tana nan kan teburina, na roƙi mai waldar ya bar min. Guntun ƙugiyar na ciki har yau, na gwada maganaɗisu, na gwada allurar ɗinkin buhu, bai fito ba.